Laxton, Ƙauyen da Shinge Ya Tsallake

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, lokacin da sanyi ya kankama a tsakiyar Ingila kuma jan yumɓun yankin Nottinghamshire ya jiƙe har yana kama takalmi, wasu manoma goma sha biyu da shugabansu sukan fita daga ƙauyen Laxton ɗauke da guduma da damin turaku na katako. Suna bin iyakokin gonaki ɗaya bayan ɗaya a cikin wani makeken fili da babu shinge ko ɗaya a tsakiyarsa. Inda garma ta tumɓuke tsohon turke sai su kafa sabo, inda wani ya ci iyakar hanya ko ya shiga ciyawar gari da huɗa sai su rubuta sunansa, haka ma wanda ya bar magudanar ruwa ta toshe. Bayan mako guda sai a zauna kotu a mashayar garin mai suna Dovecote, a kira sunayen mazauna, wanda bai zo ba a biya masa 'yan kwabbai na uzuri, a karanto laifuffuka, a yi gardama, a yanka tara, sannan a rantsar da sababbin mutum goma sha biyu na shekara mai zuwa. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, 'yan fam ne kawai. Amma hukunci ne na gaske wanda dokar ƙasa ta amince da shi, kuma Laxton ne kaɗai ƙauyen da ya rage a Ingila inda ake noma manyan filaye marasa shinge a ƙarƙashin irin wannan kotu, kamar yadda dubban ƙauyuka suka yi a da.

Masu yawon buɗe ido da 'yan jarida sun saba kwatanta garin da wurin da zamani ya manta da shi, wai mutanensa sun riƙe al'adar kakanni gam har duniya ta wuce ta bar su. Labari ne mai daɗin ji, sai dai takardun garin ba su goyi bayansa ba. Abin da suke nunawa shi ne Laxton ya tsira daga shinge ne saboda saɓanin manyan masu ƙasa da ƙarancin kuɗinsu a lokutan da ya kamata su kashe tsarin, wato sa'a ce tsagwaronta. Abin da ya sa kuma tsarin ya ci gaba da aiki bayan ya tsira, wannan ba sa'a ba ce: kotu ce mai bibiyar iyaka da cin tara, tare da manoman da ba su taɓa jin nauyin sauya ƙa'ida ba idan ta daina yi musu amfani. Wanda ya raba waɗannan abubuwa biyu zai fahimci ƙauyen, zai kuma fahimci wani abu game da yadda noman haɗin gwiwa ya mutu a sauran Ingila.

Sai an san yadda tsarin yake kafin a yi masa hukunci. Gidajen manoman Laxton galibi suna cikin gari, jere a bakin babban titi, kowanne da rumbunansa da garkensa da ɗan fili a bayansa. Gonakin kuwa suna waje, cikin manyan filaye uku: na yamma, na kudu, da wanda ake kira filin injin niƙa, saboda injin niƙa mai aiki da iska da ya tsaya a cikinsa har guguwa ta kayar da shi a 1916. An yanka kowane fili ziri-ziri, dogaye marasa faɗi, kuma manomi guda yana da zirinsa a warwatse cikin dukan filayen uku, wannan a tudu, wancan a gangare, kowanne tsakanin na maƙwabta biyu. Kowa abin da ya noma nasa ne, ba a tara amfani a raba. Abin da aka haɗa shi ne lokaci da juyin shuka: fili ɗaya alkamar da ake shukawa kafin hunturu, na biyu shukar bazara irin su sha'ir da wake, na uku a bar shi saura ya huta, badi kuma a juya. Siffar zirin ta samo asali ne daga garmar da. Ƙasa ce mai nauyi, garmar kuma sai shanu da yawa, wani lokaci har takwas, suke iya janta, juya irin wannan ayari a ƙarshen kunya kuwa aiki ne ja, don haka gwamma a yi kunya doguwa a rage juyi. Ba kowane talaka ke da shanu takwas ba, dole a yi karo-karo. Kuma tunda babu shinge tsakanin ziri da ziri, ba yadda za a yi wani ya saki tumakinsa a gonarsa alhali alkamar maƙwabcinsa na tsaye. Ko dai kowa ya girbe a saki dabbobi gaba ɗaya, ko kuwa kowa ya tsare nasa. Daga nan buƙatar doka ta taso.

Garin tsoho ne. Ya fito a babban littafin ƙidayar ƙasa da Sarki William na Normandi ya sa aka yi a 1086, inda aka nuna cewa kafin mamayar 1066 yana hannun wani basarake mai suna Toki, bayanta kuma ya koma hannun Geoffrey Alselin, ɗaya daga cikin mutanen sabon sarki. An lissafa gidaje kusan 35, cikinsu har da bayi. A ƙarni na 12 da na 13 Laxton ya yi tashe fiye da girmansa, domin iyayen gidansa, zuriyar Caux sannan ta Everingham, su ne ke riƙe da gadon muƙamin kula da dajin farautar sarki na Sherwood, kuma daga gidan yaƙinsu da ke arewa da gari ake gudanar da wannan aiki. Har yau tudun da aka tara da hannu aka gina gidan a kansa yana nan, ciyawa ta rufe shi, ramukan ganuwarsa na bayyane. A wannan zamani ne jama'a ta ƙaru, aka yi ta sare daji ana ƙara sababbin ziri a gefen tsofaffi, har filayen suka kai iyakar girmansu wajen shekarar 1300. Daga baya muƙamin ya kuɓuce wa gidan Everingham, annobar 1348 zuwa 1349 ta rage mutanen Ingila ƙwarai, Laxton ya koma ƙauye kamar kowane ƙauye. Babbar majami'arsa, wadda ta fi ƙarfin yawan mutanen garin, ita ce shaidar waccan ɗaukaka.

Abin da ya sa masana tarihi suka san Laxton fiye da sauran ƙauyuka wata taswira ce. A 1625 wani hamshaƙin ɗan kasuwar Landan, Sir William Courten, ya sayi garin. Wannan mutum shi ne ya zuba kuɗin da Turawan Ingila suka fara kafa zama a tsibirin Barbados, kuma kamar kowane ɗan kasuwa yana son ya san abin da kuɗinsa ya saya. Ya ɗauki wani ma'aunin ƙasa mai suna Mark Pierce, wanda a 1635 ya zana garin gaba ɗaya, ya ba kowane ziri lamba, ya rubuta girmansa da mai noma shi a wani littafi na dabam. Taswirar tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, kuma a jikinta har da 'yan zane-zanen mutane suna huɗa, suna shuka, suna yankan ciyawa. Pierce ya ƙirga ziri 2,280 a cikin kusan eka 1,900 na buɗaɗɗen fili, wato a matsakaici ziri guda bai kai eka ɗaya ba. Wanda ya duba littafin da kyau zai ga abubuwa biyu da ke rushe labarin ƙauyen da bai taɓa canzawa ba. Tun a lokacin akwai ƙasa mai yawa da aka riga aka killace da shinge a gefen gari, ana kiwo a cikinta. Sannan rabon gonakin ba daidai yake ba ko kusa: wasu 'yan tsiraru na da eka masu yawa, wasu na da 'yan kaɗan, wasu kuma ba su da komai sai ɗaki da haƙƙin sakin dabba a makiyayar gari. Courten ya mutu a 1636 da bashi a wuyansa, a 1640 aka sayar da Laxton ga Robert Pierrepont, mai sarautar Kingston, kuma zuriyarsa, wadda daga baya ta riƙe sarautar Manvers a gidan Thoresby, ita ta mallaki mafi yawan garin har shekara ɗari uku da 'yan kai.

A cikin waɗannan shekaru ne fuskar karkarar Ingila ta sauya. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokokin killace ƙasa sama da 5,200, waɗanda suka shafi eka miliyan 6.8, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, kuma mafi yawansu an yi su ne daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19. Yadda abin ke gudana shi ne manyan masu ƙasa na wani ƙauye su kai koke majalisa, a naɗa kwamishinoni, su auna gari, su soke ziri da haƙƙin kiwo na bai ɗaya, su ba kowane mai ƙasa nasa kason a dunƙule, shi kuma ya kewaye shi da shinge da kuɗinsa. Ana neman amincewar masu kashi uku cikin huɗu ko huɗu cikin biyar, amma ƙasa ake ƙirgawa, ba kawunan mutane ba. Saboda haka mutum biyu ko uku na iya rinjayar gari guda. Mai 'yar gona da ba zai iya biyan kuɗin awo da na shinge ba sai ya sayar, wanda kuma ba shi da takardar da ta tabbatar da haƙƙinsa na kiwo sai ya wayi gari saniyarsa ba ta da inda za ta ci. Ƙauyukan da ke kewaye da Laxton duk sun bi wannan hanya, ɗaya bayan ɗaya.

Masu Laxton ma sun so su bi, kuma sun sha yin lissafin abin da za su samu. Cikas na farko shi ne gidan Manvers, duk da shi ke da kaso mafi tsoka, ba shi kaɗai ne mai ƙasa a garin ba. Gidan Savile na Rufford, wanda ke haɗe da sarautar Scarbrough, yana da nasa rabon, kuma manyan biyu sun kasa daidaitawa a kan yadda za a yi rabo da wanda zai ɗauki wane nauyi. Aka yi ta jan ƙafa har lokacin da killacewa ta fi riba, wato zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon da alkama ta yi tsada, ya wuce. Sai a shekarun 1860 gidan Manvers ya karɓe kason Savile, hanya ta buɗe. Amma a daidai wannan lokaci ne mai sarautar ya tsunduma cikin gina sabon katafaren gida a Thoresby, ginin da ya lashe dukiya mai yawa. Kafin a farfaɗo daga wannan, alkamar Amurka mai araha ta fara kwararowa ta jiragen ruwa a shekarun 1870, farashi ya faɗi, damina mai ɓarna ta 1879 ta ƙara dagula al'amura, masu ƙasa suka koma roƙon 'yan haya su zauna maimakon ƙara musu kuɗi. Babu mai hankalin da zai kashe dubban fam a kan shinge da sababbin gidajen gona a irin wannan yanayi. Da kasuwa ta gyaru kuwa, Laxton ya riga ya zama shi kaɗai, kuma abin da ya rage shi kaɗai yakan sami masu kare shi.

Mai musu zai ce, to idan sa'a ce ta tsirar da garin, ai babu wani darasi a cikinsa, kamar tsohuwar bukka ce da gobara ta tsallake. Wannan magana ta haɗa tambayoyi biyu wuri guda. Sa'a ta bayyana dalilin da ya sa ba a kashe tsarin ba, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa bai mutu da kansa ba, alhali hanyar mutuwar a buɗe take. Akwai wasu wurare a Ingila da gonaki ziri-ziri suka tsira daga dokar majalisa, kamar babban filin Braunton a Devon da wasu ƙauyukan Axholme a Lincolnshire. Siffar gonakin tana nan a can, amma babu kotun da ke tilasta juyin shuka na bai ɗaya, kowa yana shuka abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Gangar jiki ce ta rage. A Laxton kuwa har yau ba mai shuka sha'ir a filin alkama, kuma dalilin shi ne akwai waɗanda aka rantsar su duba, akwai ranar dubawa, akwai kuma wurin da za a kira sunan mutum a gaban maƙwabtansa.

Littattafan kotun, waɗanda suka taru tun daga tsakiyar ƙarni na 17, cike suke da ƙananan laifuffuka iri ɗaya da ake maimaitawa shekara bayan shekara: wane ya ci kunya ɗaya daga hanyar gari, wane ya saki dabba kafin a buɗe fili, wane bai sa wa aladensa zobe a hanci ba suka tone ciyawa, wane ya ƙi yashe rami. Wani zai karanta wannan ya ce ga shaidar cewa tsarin rigima ne kawai. Akasin haka ya fi kusa da gaskiya. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, kuma duk inda mutane suka haɗa iyaka za a yi cuta. Abin dubawa shi ne ko ana kama cutar tun tana tafin hannu guda, kafin ta zama taki goma. A 1968 wani masanin Amurka, Garrett Hardin, ya yi rubutun da ya shahara yana cewa makiyayar da kowa ke da haƙƙi a cikinta dole ta lalace, domin kowa zai ƙara dabba don ribar kansa. Amma makiyayar Laxton ba ta kowa da kowa ba ce. Haƙƙin kiwo a ƙidaye yake, an san gidan da ke da shi da yawan dabbar da zai saka, akwai kuma ma'aikacin da kotu ke naɗawa musamman don kama dabbar da ta yi ɓarna ya tsare ta a wani ɗan garke na gari sai mai ita ya biya. Abin da wata masaniya, Elinor Ostrom, ta tattaro daga ƙasashe da dama, wanda ya kai ta ga lambar Nobel a 2009, shi ne dukiyar bai ɗaya na ɗorewa idan an san masu haƙƙi, masu sa ido daga cikinsu suke, hukunci kuma mai sauƙi ne kuma a kusa yake. Manoman Laxton ba su jira an rubuta musu wannan ba. Wanda ya san yadda ake sakin shanu su ci kara bayan kaka su bar taki a gona, da yadda burtali ke hana faɗa muddin ana kiyaye shi, da abin da ke biyo baya idan aka nome shi babu mai tsawatarwa, ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Ita kanta ƙa'idar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A wajen shekarun 1720 zuwa 1730 aka yanki ƙasa a gefen gari aka kafa wasu gonaki killatattu masu gidajensu a ciki. An yi ta musayar ziri tsakanin maƙwabta don a haɗa biyu ko uku su zama ɗaya. A farkon ƙarni na 20, tsakanin 1903 da 1908, gidan Manvers ya yi babban gyara: aka killace ƙaramin fili na huɗu da ke gabas, aka datse gefunan sauran, aka haɗe ƙananan ziri suka zama manya da injin zamani zai iya shiga. A shekarun 1960, da motoci suka yawaita a hanyoyin da suka ratsa filayen kuma sakin tumaki ya zama haɗari, aka daina kiwon bai ɗaya a filin da ke hutu, aka yarda a shuka masa ciyawar yanka. Yau buɗaɗɗen filin kusan eka 480 ne, ziri 164, kowanne wajen eka uku, ana noma su da tarakta da injin girbi kamar ko'ina. Daga 2,280 zuwa 164 ba ƙaramin sauyi ba ne. Da Mark Pierce zai dawo, zai gane sunayen wurare da hanyoyi, amma da wuya ya gane gona ɗaya da ya auna.

Musu mafi nauyi shi ne na amfanin gona. Marubutan noma na ƙarni na 18, Arthur Young a gabansu, sun yi wa buɗaɗɗen fili kaca-kaca: manomi na ɓata rana yana yawo daga ziri zuwa ziri, ciyawar malalaci na yaɗuwa gonar mai himma, dabbobi na cakuɗuwa cuta na yaɗuwa, ba a iya gwada sabon iri sai gari duka ya yarda, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kuma yana kwance kowace shekara. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma wani bincike na 2022 da ya kwatanta dubban ƙauyuka ya sami cewa waɗanda aka killace sun fi samun amfani a eka, ko da yake ya sami cewa rabon ƙasa ya ƙara karkata ga 'yan tsiraru. Sai dai ba a nan maganar ta ƙare ba. Wani masani, Robert Allen, a littafinsa na 1992 a kan ƙauyukan tsakiyar Ingila, ya nuna cewa yawancin ƙaruwar amfanin hatsi ta faru ne tun kafin zamanin dokokin majalisa, a hannun ƙananan manoma, cikinsu har da na buɗaɗɗen fili, kuma abin da ya fi tashi bayan shinge shi ne kuɗin haya, wanda sau da yawa yakan ninka. Wato ko da tuwon ya ƙaru, malmalar mai ƙasa ce ta fi girma. Warwatsa gonaki ma da ake yi wa dariya yana da hikimarsa, kamar yadda masaniyar tattalin arziki McCloskey ta yi bayani tun a shekarun 1970: a ƙasar da ƙanƙara kan faɗa wa gefe ɗaya ta bar ɗaya, gangare ya yi ruwa a shekarar da tudu ya yi kyau, mai gona a wuri goma ba ya rasa komai gaba ɗaya. Ya yarda ya rage kaɗan a shekarar albarka don kada ya kwana da yunwa a shekarar masifa. Young da kansa, daga baya, ya amsa cewa yawancin dokokin killacewa sun cuci talaka.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu son su mai da Laxton aljannar daidaito, garin da kowa ɗan'uwan kowa ne. Su ma takardun ba su bar musu wurin tsayawa ba. Kotun da ake yabo ta ubangidan gari ce, wakilinsa ne ke shugabantar zamanta, kuma bisa al'ada lauya ne. Manoman 'yan haya ne, ƙasar ba tasu ba ce, kuma biyayya ga kotu na cikin sharuɗɗan hayarsu. Wanda ya raina tarar fam biyar ba zai raina mai ƙasar da ke iya ƙin sabunta masa haya ba. A ƙarnonin baya ma manyan manoma ne ke cika kujerun rantsattsu, ɗan ƙodago kuwa sai dai ya ji hukunci. Abin da za a iya faɗa da gaskiya ya fi wannan ƙanƙanta, amma yana da daraja: a garin da ba a killace ba, tsani bai karye ba. Saurayi na iya farawa da 'yan eka kaɗan da saniya ɗaya, ya ƙara ziri idan wani ya tsufa, har ya zama cikakken manomi. Wannan shi ne abin da ya burge C. S. Orwin na jami'ar Oxford da matarsa, waɗanda littafinsu na 1938 a kan buɗaɗɗun filaye ya sa Ingila ta san abin da take da shi a Laxton.

Sanin nan ne ya ceci garin a karo na gaba. A 1952 mai sarautar Manvers na ƙarshe ya sayar da Laxton ga ma'aikatar noma bisa fahimtar cewa za a riƙe tsarin. A 1977, da majalisa ta soke ikon shari'a na tsofaffin kotunan ƙauye a faɗin ƙasar, ta ambaci ta Laxton da suna ta ware ta. Da gwamnatin Margaret Thatcher ta hau a 1979 ta fara sayar da kadarorin hukuma, Laxton na cikin jerin, aka yi ta ƙorafi a jaridu da majalisa, a ƙarshe hukumar kula da kadarorin masarauta ta karɓe shi a 1981. A nan mai musu na da hujjarsa ta ƙarshe, cewa yanzu dai gidan tarihi ne kawai da ake riƙe da shi da tallafi. Ba za a ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Buɗaɗɗen filin wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙasar da manoman ke haya, sauran gonaki ne masu shinge, kuma ba don su ba da lissafin bai fita ba. Akwai kuma kuɗin da gwamnati ke biya don kiyaye muhalli, musamman saboda zirin ciyawar da ke bin magudanan ruwa a cikin filayen, waɗanda garma ba ta taɓa shiga ba, ba a zuba musu takin zamani ko maganin feshi, har furannin daji da suka ɓace a wasu wurare suka sami mafaka a cikinsu. Amma wane manomi ne a Ingila, mai shinge ko marar shinge, ya rayu a shekaru saba'in da suka wuce ba tare da tallafin hukuma ba? Kuma a gidan tarihi ma'aikata ke kwaikwayon aikin da ba su dogara da shi ba. Mutumin da aka ci tara a Dovecote alkamarsa ce ta gaske a cikin zirin, kuma da ita zai biya haya. Ciyawar nan ma gwanjonta ake yi kowane watan Yuni, kuma bisa tsohuwar ƙa'ida sai wanda hayaƙin murhunsa ke tashi a garin ne ke da ikon tayawa.

Barazanar da ke gaban Laxton yanzu ba ta shinge ba ce. Gonakin hayar ba su kai ashirin ba, kowace kuma ƙarama ce idan aka gwada da ma'aunin noman Ingila na yau, inda mutum ɗaya da manyan injuna ke noma eka dubu. Da yawa daga manoman sai sun haɗa da wani aiki kafin su riƙe gida, masu shekaru sun fi matasa yawa, kuma gidan gona a ƙauye mai kyau irin wannan ya fi kawo kuɗi idan aka ba ma'aikacin birni haya. Duk lokacin da wata gona ta zama babu mai ita, hanya mafi sauƙi ga mai ƙasa ita ce ya raba ta ga maƙwabta, kuma kowace irin wannan rabawa na rage mutum ɗaya daga waɗanda za a iya rantsarwa. Filin zai iya zama yadda yake a ido ko da mutum uku ne ke noma shi, amma mutum uku ba sa cika kujera goma sha biyu. A 2020 hukumar kadarorin masarauta ta sayar da garin ga gidan Thoresby, magadan waɗanda suka sayar da shi a 1952, bisa alkawarin ci gaba da tsarin da kotunsa. Su ne yanzu ke zaɓar wanda za a ba haya idan gona ta faɗi, su ne kuma za su yanke ko a sa sabon manomi a gidan ko a haɗe gonar da ta kusa.